Ranar Dawowa

Na hau tudun bayan firamare a Auyo,
nan kaɗai sabis ke zama,
fasfo huɗu a aljihun gaba,
ejan na jira a waya daga Kano.

Tafiya ba gardama:
Laraba, jirgin dare, kujeru huɗu a jere.
Dawowar ce ta watse kamar gero a gaban kaji.

Baba ya ce kwana goma sun ishe shi.
Shinkafar fadama ba ta san Umara ba,
in ta nuna, jan-baki ba ya jiran mai gona.
Barira na da jarrabawa ran sha tara.
Kawu Lawandi zai tsaya sarin dabino,
wai sai guzuri ya ƙare zai san rana.

Ejan ya ce, "Tikitin ayari rana guda gare shi.
In za a raba, kowa da lambarsa,
kowa da farashinsa."
Na yi lissafi a bayan kwalin magani,
na soke, na sake.

Saura Inna.
Na sauko, na tarar tana ɓarar gyaɗa.
"Inna, yaushe za ki dawo?"
Ba ta ɗago ba.
"Shekara arba'in ko biki na je,
kafin la'asar an aiko.
Wannan karon a bar gurbin haka nan."

Na koma tudu. Sabis sanda ɗaya.
Ejan ya ce na'ura ba ta karɓar gurbi babu rana.
Na zaɓi mafi nisa da bizarta ta yarda,
na biya cikon,
ban gaya wa Baba ko nawa ba ne.