Takardar Kuɗin Lantarki

A ƙauyenmu, saman tsaunukan Peru,
kakata Eufrasia tana feraye dankali,
tana labari da muryar mai lissafin cefane:

"Kakanka Nemesio ya rasu ran Talata,
amma bai daina zuwa gyaran katanga ba
sai da ya biya kuɗin alfadarin Casimiro.
Miƙo min gishiri."

Na rubuta duka, ban ƙara ko wasali ba.
A Lima masu tabarau suka jujjuya littafin,
suka raɗa masa suna: zahiri mai sihiri.

Kwana biyu a mota na kai mata albishir.
Ta taɓe baki. "Sihiri a ina?
Wanda ake bi bashi, ina ya ga ta kwanciya?"

Sai ta ɗaga tukunya, ta zaro takarda:
kuɗin lantarki, wata goma sha ɗaya,
har da hatimin hukuma,
a garin da ba a taɓa kafa turken waya ba.

"Wannan za ka rubuta," in ji ta.
"Ni ya fi ƙarfina.
Kakanka ma, da na nuna masa jiya,
kai kawai ya girgiza."