Tsakanin Yatsa da Kunne

A hannun Isihu na sayo akwatin,
mai gyaran rediyo a bakin Tsohuwar Kasuwa.
Baƙi, ɗan mitsitsi, da jar fitila guda,
ya sha hannu kafin ya iso Sakkwato.
Ya ce taka nan, jitarka ta yi kuka kamar a kogo,
taka can, ta zama uku.
Na tambayi nawa ne, ya faɗa.
Nawar da ke cikinsa ce bai faɗa ba.

A ɗakin gwajinmu na Mabera,
fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan,
na taɓa tsirkiya.
Yatsana ya gama aikinsa, ya ɗaga,
sannan sautin ya leƙo daga lasifika
yana gyara zaman hula,
baƙon da ya san dole a jira shi.

Ba lattin da za ka kai ƙara ba ne.
Ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo.
Da na koma, Isihu ya zana mini a bayan rasit:
sai an mai da sautin lissafi,
a ƙirga, a jujjuya, a sake mai da shi sauti.
Kashi ashirin cikin dubu na daƙiƙa, in ji shi,
wa zai ji wannan?

Ɗan'ige ya ji.
Shekara arba'in kalangu na hammatarsa.
Ya saki tsarkiyar ganga, ya dube ni a kaikaice:
"Yaro, kana bi na kamar mai bin bashi.
Mi yas same ka?"
Na ce hannuna na kan lokaci.
Ya ce, "Ni ba ni jin hannu."

Na tuna ina ƙarami a gaɓar Rima,
wata mata a ƙetare tana bugun wanki kan dutse.
Zanen zai sauka, ya tashi,
kafin ƙarar ta hayo ruwa ta iske ni.
Dariya abin yake ba ni a lokacin.
Ga shi gulbin ya biyo ni har ɗaki,
ya kwanta tsakanin yatsana da kunnena,
babu mai fito.

Sai na koyi riga malam masallaci.
In sari tsirkiya tun kalangu bai buɗe baki ba,
ƙiris, kamar kaurin gashi,
don mu isa tare a kunnen jama'a.
Wata uku ina wannan fashin.
Kafaɗa ta yi tsami, ƙafa na faɗin gaskiya,
hannu na ƙaryata ta.
Ɗan'ige ya daina harara.

Ranar walima a Gawon Nama,
ana tsaka da rawa janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Jar fitila ta mutu.
Wani ya miƙo mini jitar katako,
wadda ba ta san waya ba, ba ta san lissafi ba.
Na sara, ta amsa nan take,
har na tsorata.
Kowane bugu na faɗi gaban ganga
kamar mai tsallake layin gidan mai.
Masu rawa suka rasa inda za su sa ƙafa.

Muna naɗe wayoyi a hasken tocila ya ce,
"Da kana baya, yanzu kana gaba.
Yaushe za mu gamu?"

Yanzu bayan la'asar nakan zauna a zaure
da jitar katako a cinya,
ina bin luguden maƙwabta ta bayan katanga,
ina roƙon hannuna ya manta abin da na koya masa.
Yana mantawa, a hankali.
Akwatin na ƙarƙashin gado, ban sayar ba.
Asabar akwai wasa,
kuma samari kukan kogon nan suke biya wa kuɗi.