Sau Ɗaya Aka Saka

A hoto kwat ɗin baƙi ne wuluk,
kafaɗa a miƙe kamar ta mai ba da umarni.
A ƙasa an rubuta: sau ɗaya aka saka.
Na daɗe ina kallonsa
a rumfata ta cajin waya a Agege,
jirgi ya wuce, benci ya girgiza, ban ɗago ba.
Litinin ake nemana a Ikeja,
wani kamfani na son mai kula da sito.
Na tura dubu goma sha huɗu da ɗari biyar,
ladan cajin waya ɗari da arba'in da biyar.

Ɗan aike ya zo a babur ana ruwa,
ya miƙo leda, ya ɓace kafin in kwance ƙulli.
Wari ne ya fara gaishe ni,
warin ɗakin da aka kulle tun daminar bara.
Fumfuna ta yi gida a hammata.
Maɓalli biyu, ɗaya ba ɗan gidan ba ne.
Na zura hannu a aljihu,
yatsuna suka fito ta ƙasa suna leƙen duniya.
Baƙin ma ya koɗe
kamar allon aji a ƙarshen zango.

Na rubuta: Madam, ba shi ba ne.
Alama biyu suka yi shuɗi. Shiru.
Na tura hoto. Shiru.
Na kira, waƙar coci ta yi ta yi har ta gaji.
Bayan isha'i amsa ta iso, guntuwa:
gwanjo ne, ba a mayarwa.

Ɗan'azumi mai shayi ya ce in bar wa Allah.
Na ce na bar Masa,
amma adireshi na manne a jikin ledar.

Asabar na hau danfo zuwa Abule Egba,
kwandasta na lilo a ƙofa da canjina a haƙori.
Katangowa, dila kan dila, taɓo har idon sawu,
layin wando, layin takalma, layin labule,
sai ga ta, Madam Nkiru,
tana ɗaukar hoton wata riga a gaban farin kyalle,
ta tattare yagewar ta baya da allura.

Turancin da na jera tun a mota
ina buɗe baki ya watse.
Na shimfiɗa kwat a teburinta ya faɗi da bakinsa.
Can ƙasan maƙoshi na ce, wannan ai zalunci ne.
Ta ɗago.
"Malam, a hankali dai.
A Sabon Garin Zariya aka binne cibiyata."

Dariya ta taso mini, na danne ta da tari.

Ta shinshina, ta kau da kai.
"Dila a ɗaure nake saye, ni ma caca nake.
Yarinyata ce ta naɗe maka, ban duba ba."
Na ce hoton fa?
Ta gyara ɗaurin zani, ta kalli layin takalma.

Muka yi ciniki a baibai,
ita tana ragewa, ni ina ja.
Kuɗin babur ba ya dawowa, in ji ta,
mai ya riga ya ƙone.
Dubu goma sha biyu. Ta danna waya,
ta nuna mini wani abu yana ta juyawa.
"Je ka, zai shigo."

Na tafi da zuciya a hannu.
Sai a cunkoson Oko Oba aljihuna ya yi tsuwa.
Na cire kuɗin mota, zuwa da dawowa,
na cire wunin da rumfa ta yi a rufe,
abin da ya saura na daina lissafa shi.

Litinin na goge shaddar Sallar bara na tafi.
Ba wanda ya tambayi kwat.
Sun ce za su kira.

Jiya ina jiran kiran, ina jan allon waya,
sai ga shi, baƙi wuluk,
kafaɗa a miƙe,
an ƙara masa ɗari biyar.