Hutun Janairu a Tsibirin Quehui

Mijin yayata, Heriberto, shi ya tono maganar.
Muna tsugune bakin ramin da aka gasa duwatsu,
ana jera dankali da kawa, ana rufewa da ganye,
ya ce, "Ninfa, ke kam kin more.
Wata biyu cur ba ki taɓa alli ba,
kina barci albashi na shiga.
Wannan aiki ne, ko raino da takardar shaida?"

Aka yi dariya, ni ma na yi.
Hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Shi kifi yake kiwo a kejin kamfani.
Gishiri ya tsattsage masa hannu,
tun kafin asuba yake fita, ko ana ruwa ko ana iska.
Ba ni da bakin ce masa bai san wuya ba.
Amma abin da ya ɗauko, sikeli ake aza wa,
a rubuta kilo, a biya shi.
Ni wane sikeli zan kai wa
ranar da Yasna ta daina rubuta sunanta a juye?

Yara goma sha ɗaya, aji shida, ɗaki guda.
Ni ke hura murhu kafin su iso,
ni ke shanya jiƙaƙƙun safarsu a kan waya,
ni ke kaɗa ƙararrawa, ni ke cire ƙaya,
ni na rubuta wa ofishin Castro wasiƙa ta bakwai
kan rufin da ke yoyo daidai taswirar duniya.
Afirka ta kumbura, Asiya ta yi funfuna.

Hutun kuwa, ga inda yake zuwa.
Makon farko barci ne, ban musa ba,
barcin wadda aka yi wa dukan kawo wuƙa.
Muryata sai ta kwana goma a hanya kafin ta dawo gida.
Sauran kwanakin ina rumfa a kasuwar Dalcahue,
ina sayar wa baƙi safar ulu da na saƙa da dare,
suna taya rabin kuɗi, suna ɗaukata hoto.
Albashin nan ran ashirin ga wata yake cikawa,
likkafaninsa ma da bashi ake saye.

Sau biyu na rubuta takardar ajiye aiki.
Tana nan a ninke cikin rajista,
tsakanin Agusta da Satumba.

Ko ɗaya cikin wannan ban faɗa ba a bakin ramin.
Cewa na yi, "Miƙo min gishirin."

Washegari muka shiga jirgin ruwa tare,
shi zai koma keji, ni da buhun safa.
Hazo ya rufe mashigi, ba ka ganin tafinka.
Mai tuƙin Aladino ne,
wanda ya cije ni yana ɗan shekara bakwai
don na tare ƙofa na hana shi gudu.
Tabon haƙoransa na nan a tsintsiyar hannuna.
Na miƙa kuɗi, ya kau da kai,
"Malama, kada ki ba ni kunya."

Ya zaro jadawalin cika da janyewar teku,
ya ɗora yatsa ƙarƙashin layi,
leɓensa na motsi a hankali, lamba bayan lamba,
yadda muka sha yi ni da shi bayan an tashi,
shekara uku, yana kuka, ina cije haƙora.
Ya ce, "Sai mun jira rabin awa, duwatsu na waje."

Heriberto ya ja hularsa ya rufe fuska,
ya jingina da buhuna, ya kama minshari,
ransa ɗungurungum a kan wannan yatsa.
Ban tashe shi ya gani ba.

Kuɗin jirgin da ya rage min
ba zai cika tukunyar gas ba, na lissafa.
Saura kwana talatin da takwas a koma.
In safa ta yi kasuwa yau,
zan sayi bokiti mai faɗi,
in matsar da taswirar bangon da babu yoyo.