Shafin da Na Bari Fari

A Dalcahue, bakin teku, na buɗe littafina:
Janairu, in gama jirgin Don Evaristo.
Maris, in sayar da rumfa, da zarto, da guduma.
Kafin sanyi ya kama muna Puerto Montt,
a gidan da ba ya yoyo.

Na ja layi, na ce, "Ubangiji, sa albarka."
Ermelinda na feraye dankali, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Heriberto, ba shawara ka nema ba.
Takarda ka miƙa masa ya sa hannu."

Kwana biyu ina kumburi.

Sai katakon gindin jirgi ya tsage,
wanda na ƙwanƙwasa da kaina, na amince.
Mai sayen rumfa ya daina ɗaga waya.
Ruwan sama ya ƙi tsagaitawa.

Ran Lahadi, a cocinmu na katako,
na ɗaga kai: rufin nan tamkar jirgi ne a kife.
Shekara arba'in ina ƙera jirage,
ban taɓa ganin wanda ya nuna wa matuƙi hanya ba.

Na ce, "Yesu, ga ragamar.
Hannuna na rawa, amma ga ta."

Ba murya, ba walƙiya.
Sai ran Talata ɗan gwauruwar nan, Nicanor,
ya tsaya a ƙofa, jiƙe sharkaf,
wai in koya masa riƙon zarto.

Ban sani ba ko amsar ke nan.
Na dai juya sabon shafi, na bar shi fari,
na ce wa yaron, "Shigo, rufe ƙofa."