Hujin Ciki

A rumfar Gambo Mai-Taya, bayan tashar Gidar,
biyu ya sauko min da su daga ƙusa.
Ɗaya jaka tara, baƙa wuluk, haƙoranta na haɗiye yatsa.
Ɗaya jaka biyar, jiya ta ƙetaro daga Mubi,
sunanta ma ba ya karantuwa.
Na matsa gefenta, na ƙwanƙwasa, har da shinshinawa,
kamar wanda ya san abin da yake nema.
Gambo ya ce, "Tanko, araha fa ba ta ado."
Na ce, "Ado nake saye? Ni da ke dakon ƙwan zabi?"
Jaka huɗun da suka rage
suka zama takalmin Ladiyo da littafi biyu na lekol.

Kwana goma sha ɗaya muna zaman lafiya.
Ran na sha biyu, na baro Mayo-Ulo da hantsi,
kwando biyu a baya, ƙwai ɗari uku cikin ƙaiƙayi,
sai ƙafar baya ta soma tangaɗi
irin na wanda ya sha, yana rantsuwa bai sha ba.
Na sauka. Ta shimfiɗe a ƙasa kamar buzu.

Turin babur da ƙwai lallami ne,
kowane dutse sai ka gaishe shi.
Kilomita huɗu na tura,
kowane taku da rabon Gambo a ciki.
Na zage shi, na zagi rumfar, na zagi bencin,
na haɗa da direban da ya ɗauko masa kaya.

Gindin wata darbejiya na tarar da Baba Njidda.
Famfon hannu, liba biyu, guntun faifan ƙarfe,
rabin garwa da ruwanta ya koma launin shayi.
Kunnensa ya daɗe da ajiye aiki,
shi ya sa ba ya sauraron iska.
Ya zare tib, ya ba shi famfo, ya lashi leɓe,
ya riƙa juya shi a hankali dab da bakinsa
har sanyi ya taɓa shi.
Don ni kawai ya tsoma a ruwa,
kumfa na tasowa ɗai-ɗai, ƙanana kamar gero.

Na ɗaga murya, "Ƙayar aduwa ce ko? Tayar banza!"
Ya zura hannu ya zagaye cikinta sau biyu.
Ba ƙaya, ba ƙusa.
Ya juyo min da hujin.
Ba ta gefen hanya yake ba,
ta gefen ƙarfe yake.
Kan wayar wili guda ya yi tsini,
ya cinye robar da ke lulluɓe shi
tun zamanin tayar da ta wuce, ko wadda ta gabace ta.

"Yaushe rabonka da leƙa nan?"
Ban taɓa ba.
Na yi kamar ni ma kunnena ya tafi.

Ya goge tsinin, ya yanko zare daga mataccen tib
ya naɗe wilin da shi.
Ya kankare bakin hujin, ya shafa sholisho.
Na miƙa masa facin, ya ture hannuna.
"Bari ya daina ƙyalli tukuna."
Muka zauna, ni da shi da wata akuya,
muna kallon gam yana shan iska.

Dala arba'in ya ce. Ba ni da canji.
Ya zaɓi ƙwai biyar da kansa,
ya ɗaga kowanne ga rana,
ya kwashe uku da suka tsage a matsayin gyara.

Ran Juma'a na ajiye ƙwai shida a bencin Gambo.
Ya ce, "Na mene ne?"
Na ce, "Na yara."
Ya leƙa tayar, ya leƙa fuskata.
"Ya take?"
Na ce, "Tana nan.
Robar cikin wili fa, nawa kake sayarwa?"