Cima Ta Sauka

Bayan la'asar saƙon ya shigo,
hannuna dumu-dumu da tunkuza.
Na ce wa Nafi'u ya danna,
ya jingine wayar a jikin turmi.

"Inna, na sauka.
Sunan garin Bordo.
Ruwa ake tun kafin jirgin ƙasa ya tsaya,
ba irin namu mai zuwa da faɗa ba,
wani siriri, kamar mai jin kunyar ƙasa.
Akwatina ya rasa ƙafa ɗaya a tasha,
na ja shi kan duwatsun titi
yana kuka kamar tsohuwar amalanke,
kowa na waiwaye."

Na yi dariya har mai ya ɗiga a zanena.
Jikka goma sha biyu na ba yaron a Babbar Kasuwa,
ya rantse zai kai Makka ya dawo.

"Inna, gulbinsu ba ya ƙafewa.
Launin kunun kanwa ne, kamar namu in damina ta kai tsakiya.
Gadar dutse a kai, na tsaya na ƙirga bakunanta,
goma sha bakwai.
Gidaje duk launin fura,
sun girmi kakan kakanmu, ba wanda ya tsage.
Tun a hanya na ga gonaki ta taga,
layi bayan layi, kamar sabon kitso.
Inabi ne. Ba na ci ba, Inna.
Matsewa suke, su ɗura a gangunan itace,
su kai ƙarƙashin ƙasa, su rufe ƙofa.
Wai tsufa ke ƙara masa kuɗi."

Nan na ce a tsayar.
Giya ke nan.
Na nemi tsari, na tofa hagu,
Nafi'u na ƙunshe dariya a hannun riga.

Amma da na koma kan tunkuza
sai zancen ya ƙi barina:
ashe su ma matsa suke yi.
Shekara talatin ina matsa a Mokoyo,
nawa in ya wuce wata huɗu sai ɗaci,
ban taɓa ajiye kwalba don jika ba.

Kuma sunan, na san shi.
Baba Ɗan Tani, da yake dako a bakin sikeli
zamanin da gyaɗa ke taruwa kamar tudu,
ya ce ya taɓa tambayar Bature ina ake kai ta.
Ya ce masa, Bordo.
Har Baba ya rasu yana zaton wani attajiri ne
mai cikin da ba ya cika.
Yau ga jikarsa ta bi sawun buhunan,
wata goma, karatun cutar tsiro.

"Danna, mu ji saura."

"Mai gidan da na kama tsohuwa ce.
Ta tarbe ni da ja a kofi mai dogon wuya.
Na ce na gode, ba na sha.
Ba ta ɓata rai ba,
ta kawo ruwa da inabi ɗanye a faranti.
Na kwance ƙullinki na ba ta ƙuli.
Inna, saura kaɗan haƙorinta ya tafi.
Ta ce in ƙara mata ɗaya."

Sai shiru, sai ƙarar ƙararrawa daga nesa,
sai numfashinta,
irin wanda take yi tun tana goye
in kuka ya zo ta hana shi.

Na goge hannu na karɓi wayar.
Na faɗi duk abin da ke raina,
har wanda ban faɗa ba ranar rakiya a tasha.
Nafi'u ya ce ban danna ba, in sake.

Na sake:
"Ki sayi safa.
Ki tambayi gabas.
Jar akuya ta haifi biyu."

Da magariba na cika kwalabe bakwai.
Shida na talla.
Ta bakwai na toshe bakinta da leda,
na tura ƙarƙashin gado, can jikin bango.
Na san ba za ta kai ba.